Mutum nawa suka mutu a Siffin?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ran Asabar da ta wuce, bayan karatun Risala a masallacinmu na Pumpumre, wani ɗalibi ya tare ni ya ce, "Malam, wai gaskiya ne mutum 70,000 suka mutu a Siffin? Abokina ya ce 60,000 ne, har mun yi musu." Na ce masa ku duka biyun a littafi kuke, amma ku bari in rubuto muku amsa don kowa ya amfana.

An yi yaƙin Siffin a watan Safar na shekara ta 37 bayan Hijira, wato 657 Miladiyya, a bakin kogin Furatu kusa da garin Raƙƙa, tsakanin mutanen Iraƙi ƙarƙashin Sayyidina Aliyu da mutanen Sham ƙarƙashin Mu'awiya, Allah Ya ƙara musu yarda. A nan ne Ammaru ɗan Yasir ya yi shahada.

To, ga abin da littattafai suka kawo. Mas'udi ya ce rundunar Aliyu 90,000 ce, ta Mu'awiya 85,000. Akwai ruwayar da ta ce an kashe 45,000 daga Sham, 25,000 daga Iraƙi, jimla 70,000. An kuma ruwaito daga Ibnu Sirina cewa sai da aka riƙa aza kara a kan kowace gawa kafin a iya ƙirgawa. Amma Ibnu Kasir ya kawo wata ruwaya daga Safwanu ɗan Amru: mutanen Sham 60,000 ne aka kashe musu 20,000, mutanen Iraƙi 120,000 aka kashe musu 40,000.

Kun ga ba a jimla kaɗai suka saɓa ba. Ruwaya ɗaya ta ce Sham ta fi asara, ɗayar ta ce Iraƙi ce. Shi Safwanu mutumin Himsa ne, a ƙasar Sham. Amintacce ne wurin malaman hadisi, sai dai bai halarci yaƙin ba. Abin da ya iske ana faɗa ya isar. Shi kuwa Mas'udi ya rasu wajen shekara 300 bayan yaƙin.

Ibnu Khaldun, wanda ya rasu a 808 Hijiriyya, ya ja kunnen masu tarihi kan wannan a farkon Muƙaddima. Ya ƙi yarda da masu cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa, Alaihis Salam, sun kai 600,000. Hujjarsa: wace ƙasa ce za ta ɗauki nauyinsu, wane fili ne zai ɗauke su a sahu? Ku ma ku auna. Filin ƙwallo na Rumde Ajiya, ko an cika shi maƙil sau biyu, bai kai 70,000 ba. Sannan 'yan ajin Larabci ku tuna, Balarabe kan ce "saba'in" yana nufin yawa kawai, kamar yadda Bahaushe ke cewa "na faɗa maka sau dubu".

Kada ku zaci wannan labarin nesa ne. A ƙasarmu ma Musulmi sun zare wa juna takobi. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya zauna a Balda, can wajen Marwa, yana kira zuwa ga Mahadin Sudan. Bayan Lamiɗo Zubairu ya hau gadon Yola a 1890, ya fito da runduna, aka gwabza kusa da Bindir. Hayatu ya yi rinjaye a fage, amma aka ƙone masa Balda, ya koma wajen Rabe, can aka kashe shi a Dikwa a 1898. Shekaru kaɗan bayan haka Ingilishi suka ci Yola, Jamus suka ci Garwa da Marwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka, duk wanda ya kawo muku adadi, na Siffin ne ko na Bindir ko na rikicin jiya da aka turo ta waya, ku yi masa tambaya uku: wa ya ƙirga, yana wurin, kuma ɗan wane ɓangare ne? Adadin da aka kumbura yakan zama makamashin fitina ta gaba, domin mai neman ramuwa da shi yake tara mutane.

Game da sahabbai kuwa, kun karanta a Risala cewa ana kame baki daga abin da ya shiga tsakaninsu, ana ambatonsu da alheri. Ɗana mai tambaya, ko mun ɗauki mafi ƙarancin adadin, dubban masu salla ne suka faɗi a hannun masu salla, kowannensu da uwa da marayu. Wannan ya fi cancantar hawaye a kan musu. Ka je ka shirya da abokinka.

Allah Ya tsare mu daga fitina, ta fili da ta ɓoye. Wallahu a'alamu.