Kafin Ka Sayi Amfilifaya: Abin da Na Koya Bayan Na Ƙona Sifikun Babana

'Yan uwa na Agege, Idi-Araba, Alaba Rago, Sabon Ibadan, Lokpanta da sauran zangonninmu na kudu. Ni ɗan Jimeta ne, babana mai fataucin shanu. Duk sanda muka yi lodi daga Ngurore ko Mubi za mu Oko-Oba, sai wani ya ba ni sautu: "Idan ka leƙa Alaba ka duba min amfilifaya mai ƙarfi." Na san ku ma haka 'yan gida ke damun ku a waya. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da na sani, don ni sai da na yi asara kafin na gane.

Baba yana da sifiku biyu na katako da ya sayo a Legas tun ba a haife ni ba. Da su yake jin labaran BBC da safe, da su yake jin Shata da Ɗanƙwairo da dare. Da tsohuwar amfilifayarsu ta fara shaƙewa a gefe ɗaya, sai na ce zan yi bajinta. Na shiga kasuwa a Jimeta na ɗauko wata mai fitilu ja da shuɗi, an rubuta 5000W a kwalinta. Na jona mata sifikun Baba, na ƙara wasu biyu na abokina a kan waya ɗaya, na murɗa har ƙarshe. Ba a yi sati ba muryar Shata ta koma kamar daga cikin rijiya. Ƙananan sifikun sama, waɗanda masu gyara ke kira tuwita, sun ƙone duka biyun.

Baba bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Kai da ka tashi a kara, ka taɓa ganin na sayi sa don tsawon ƙahonsa?" Wallahi da ya mare ni da ya fi min sauƙi. Daga nan na liƙe wa wani dattijo mai gyaran rediyo a cikin garin Yola, ina tambaya yana amsawa, ina kuma karantawa a intanet. Ga abin da na tattaro.

Wat na gaske da wat na kwali

Aikin amfilifaya shi ne ta karɓi ɗan siririn sautin da ke fitowa daga waya, rediyo ko talabijin, ta ƙara masa ƙarfin da zai motsa sifika. Da wat ake auna wannan ƙarfi, amma rubutun iri biyu ne. Akwai RMS, wato ƙarfin da za ta iya bayarwa a ɗore ba tare da sauti ya lalace ba. Akwai kuma PMPO, wanda babu wani ma'auni da aka amince da shi a kansa, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Wannan cuwa-cuwa ta daɗe, har sai da hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kafa doka a 1974 kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifayar gida.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka juya bayanta ka karanta wutar da take sha. Na'ura ba ta iya fitar da abin da ya wuce wanda ta ci a ɗore. Tawa mai 5000W, da dattijon ya juya ta, 60W aka rubuta a baya. Ƙahon ke nan na saya.

Wat nawa ya isa?

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Idan ka ninka wat sau biyu, ƙarar da za ta ƙaru desibel 3 ce kacal, kunne zai ji ɗan bambanci ne kawai. Kafin ka ji kamar ƙara ta ninka, sai ka ninka wat kusan sau 10. Wato tsakanin mai 50 da mai 70 babu abin da ya kai a yi faɗa a kai. Sifikun gida da yawa, wat 1 tak yana sa su ba da desibel 85 zuwa 90 a tazarar mita ɗaya, kuma wannan ƙara ce sosai a ɗaki. Don haka ga ɗaki ciki da falo, wat 30 zuwa 60 na RMS a kowane gefe ya wadatar. Balle ku da ke gidan haya, maƙwabci na jin tarinka ta bango.

Kuma ku riƙe wannan: ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa ta fi babba saurin kashe sifika. Idan ta kai iyakarta aka ci gaba da murɗawa, sai ta riƙa yanke kan sautin, ya fito da ƙaiƙayi, wannan kuwa shi ke dafa tuwita. Da zarar ka ji murya ta fara tsagewa, rage.

Om: kada ka ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta

A bayan kowace sifika za ka ga an rubuta 4, 6 ko 8 da wata alama kamar kofaton doki. Om ke nan. Iya ƙanƙantar lambar, iya yawan wutar da sifikar ke ja daga amfilifaya. A bayan amfilifaya ma an rubuta mafi ƙarancin om da za ta ɗauka, kada ka sauka ƙasa da shi.

Idan ka haɗa sifiku biyu a baki ɗaya, ja da ja, baƙi da baƙi, lambar rabewa take yi. Biyu masu 8 sun zama 4. Biyu masu 4 sun zama 2, kuma yawancin amfilifayoyin gida ba sa jure 2. Kuskurena na biyu ke nan. Kamar ka loda wa tirela shanun tirela biyu ne, ko Numan ba za ta kai ba.

A kula da sifikun da ke zuwa a saiti ɗaya da hom tiyata, da yawansu om 3 ne, an yi su ne don na'urarsu kaɗai. Sifikar da ake jona wa wuta da kanta kuwa tana da amfilifaya a cikinta, ba a ƙara mata wata.

Wace iri za ka ɗauka?

Iri biyu za ka fi gani. Na farko ajin AB, irin tsofaffin Yamaha, Pioneer, Technics, Kenwood da Sony 'yan kwatano. Suna da nauyi saboda babbar taransifoma, sautinsu da daɗi, masu gyaranmu kuma sun san cikinsu. Matsalarsu zafi, don kusan rabin wutar da suke sha zafi take zama. A Yola, inda watan Maris da Afrilu zafi ke haura digiri 40, dole ka bar mata sarari a sama, kada ka rufa mata ƙyalle ko ka ɗora dikoda a kanta.

Na biyu ajin D, ƙanana marasa nauyi, da yawansu da Bluetooth. Waɗannan kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da suka sha yana tafiya ga sifika, shi ya sa suka dace da mai sola ko inbata. Amma ka duba adaftar. Masu ɗauke da TPA3116 na kamfanin Texas Instruments, ana rubuta musu wat 50 a kowane gefe, sai dai ba sa kai haka sai da bolt 21 zuwa 24 a kan sifika mai om 4. Idan batir mai bolt 12 ka jona, abin da za ka samu bai wuce wat 18 ba.

Amfilifayar masallaci kuwa, irin Ahuja ta Indiya, aikinta daban. An yi ta ne don murya ta yi nisa ta lasifika, yawanci kuma baki ɗaya gare ta, babu dama da hagu. Tana da kyau a wurinta, amma ba ta falo ba ce.

Maganar wuta

Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Kayan da aka yi don Japan bolt 100 ne, na Amurka 120. Ka jona ɗayansu kai tsaye a soket, hayaƙi za ka gani. Karanta bayanta, ka nemi 220 zuwa 240. In ta burge ka duk da haka, sai ka haɗa da taransifomar rage wuta da ta dace da ita. Sitabilaiza ma kada ka yi mata rowa, musamman in da ƙaramin janareto kake aiki. Kuma idan an ɗauke wuta, kashe amfilifaya kafin a dawo da ita.

Yadda za ka gwada a kasuwa

An ce gani ya kori ji, amma a wannan ciniki ji ne ke korar gani. Tafi da wayarka da waƙar da kunnenka ya haddace. Sa a kunna maka aƙalla minti 15, ka taɓa samanta: ɗumi ba laifi, zafin da hannu ba ya jurewa laifi ne. Saurari gefen dama shi kaɗai, sannan na hagu. Murɗa maɓallin ƙara a hankali ka ji ko yana ƙarƙar. Tsayar da waƙar ka kasa kunne, in kana jin gurnani a sifika akwai gyara a gaba. Sunsuna ramukan iska ko akwai ƙauri. Dubi kusoshi ko an sha kwance su, ka kuma duba tsatsa, don laimar Legas da Fatakwal ba ta raga wa ƙarfe. A ƙarshe, a rubuta maka kwanakin gwaji a rasit. In sautu ne za a kai arewa, a naɗe ta da kyau, kada a jefa ta a bayan tirela.

Wataƙila ma ba amfilifaya ce matsalarka ba

Kafin ka kashe ko sisi, duba abu uku. Idan ja da baƙi sun juye a sifika ɗaya, kiɗan ƙasa ɓacewa yake yi. Idan sifikun na manne a lungu, sauti zai riƙa kumbura, jawo su kaɗan ka daidaita su da tsayin kunnenka a zaune. Sannan waƙar da ta yi ta yawo daga waya zuwa waya har aka matse ta, babu na'urar da za ta dawo mata da abin da ta rasa. In kuwa sifikun ne marasa kyau, a kansu ya kamata kuɗinka ya fara sauka.

Ni dai daga baya na samo 'yar kwatano mai wat 40 a kowane gefe, om 8, bolt 220, babu fitila ko ɗaya sai ta kunnawa. Dattijon ya sa wa sifikun Baba wasu tuwitoci, amma irin na asalin ba su samu ba. Ranar da na kunna masa, Baba ya daɗe yana saurare, sannan ya ce, "Muryar ta dawo. Kalangun ne dai ba kamar da ba." Har yau in ya kunna ina jin wannan magana. Saboda haka ɗan uwa, in an ba ka sautu, tambayi mai shi om nawa ne sifikunsa kafin ka tambayi kuɗi. Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu gida lafiya.