Tarihin Hanyar Keke Mai Shinge a Birnin Landan, 1934 zuwa 2020

Wannan maƙala ta shafi wata 'yar hanya ce mai faɗin kamar ƙafa goma sha uku, wadda aka yanka daga jikin babban titin da ke bin gaɓar Kogin Tems a tsakiyar Landan, aka raba ta da motoci da dakalin dutse, aka keɓe ta ga mahaya keke kaɗai. An buɗe ta cikin watan Mayu na 2016. Ginin nata bai wuce shekara guda da 'yan watanni ba, amma gardamar da ta haife ta ta yi shekara tamanin da biyu ana yi. Wanda ya bi diddigin gardamar nan zai ga ba a taɓa ja a kan amfanin keke ba. Abin da a ke ja a kai shi ne titi yana da iyakar faɗi, in za a ba wani sai an rage wa wani.

Tun 1888 dokar Ingila ta sanya basukur cikin jinsin keken doki, watau mahayinsa yana da iko ya bi tsakiyar titi kamar kowane mai abin hawa. Masu keke sun sha wuya kafin su sami wannan iko, kuma ƙungiyarsu ta CTC, wadda aka kafa a 1878, ta riƙe shi da daraja ƙwarai. Sa'an nan mota ta yawaita. A 1930 majalisa ta soke iyakar gudun ƙananan motoci ɗungum, cikin 1934 kuwa mutum 7,343 suka mutu a titunan Birtaniya. A shekarar nan aka naɗa Leslie Hore-Belisha Ministan Sufuri, aka kuma yi dokar da ta tsayar da gudu a kan mil 30 cikin sa'a a cikin gari, ta kawo jarrabawar tuƙi. Cikin watan Disamba ministan ya buɗe hanyar keke ta farko a gefen Western Avenue, yamma da Landan, tsawonta mil biyu da rabi, an daɓe ta da sumunti. Ma'aikatarsa ta kwaikwayi ƙasar Holan ne, kuma kafin yaƙi ya tsayar da aikin an gina kusan mil 300 na irin wannan hanya a ƙasar.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne waɗanda suka fi kowa ƙin hanyar nan su ne shugabannin masu keke, musamman G. H. Stancer, sakataren CTC. Marubuta da yawa sun ɗauki wannan taurin kai ne, amma hujjarsu tana da ƙarfi. Sun ga cewa manufar gwamnati ita ce ta share wa mota titi, ga shi kuwa a lokacin masu keke sun ninka masu mota sau da yawa, yawancinsu ma'aikata ne masu zuwa masana'antu. Sun ji tsoron ranar da za a tilasta musu bin gefe su rasa ikon 1888, kuma tsoron bai zama na banza ba, gama a 1939 wani kwamitin Majalisar Sarakuna a ƙarƙashin Lord Alness ya ba da shawarar a yi haka. Bayan wannan, hanyoyin kansu suna da aibi babba. An shimfiɗa su ne a bakin sababbin titunan bayan gari inda fili ya ke a yalwace, inda ba sai an karɓi kome daga hannun mota ba. Da an iso mararraba kuwa sai hanyar ta ƙare, mahayi ya faɗa cikin motoci, alhali a mararraba ne haɗari ya fi aukuwa. Inda Stancer da mutanensa suka yi kuskure shi ne da suka ƙi shinge gaba ɗaya, maimakon su nemi a kyautata shi.

Abin da ya biyo baya ba ya bukatar dogon bayani. Hawan keke ya kai matuƙa a 1949, a 1973 kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na wancan ba. Ciyawa ta rufe waɗansu hanyoyin 1934, waɗansu suka zama wurin ajiye motoci.

Maganar ba ta farfaɗo sosai ba sai bayan da aka kafa hukumar sufuri ta Landan, TfL, a 2000, aka kuma fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar birni da mota a 2003. Masu keke suka ƙaru. A watan Yuli na 2010 Magajin Gari Boris Johnson ya buɗe waɗansu hanyoyi da aka laƙaba wa suna manyan hanyoyin keke, amma girman a suna ya tsaya. Shuɗin fenti ne aka shafa a gefen kwalta, a wurare da yawa doka ba ta hana mota taka shi ba. Kuskuren 1934 ne aka maimaita da wata kama, watau a ba keke wuri ba tare da an rage wa mota ba. A ƙarshen 2011 manyan motocin kaya suka kashe mahaya biyu a shataletalen Bow, gabas da birni, tsakaninsu 'yan makonni, kuma mai binciken mutuwar daga baya ta nuna cewa fentin yana sa mahayi ya zaci yana da kariyar da ba shi da ita. A 2012 ƙungiyar masu keke ta Landan ta fito fili tana neman a yi irin na Holan. A nan ne ra'ayin da aka gada daga zamanin Stancer ya juya. Johnson ya naɗa ɗan jarida Andrew Gilligan kwamishinan keke a farkon 2013, a watan Maris ya bayyana shiri na fam miliyan 913 cikin shekara goma. A Nuwamba na shekarar mahaya shida suka mutu a Landan cikin mako biyu, maganar fenti ta ƙare.

Zaɓen titin gaɓar kogi, wanda a ke kira Victoria Embankment, ba da ka aka yi shi ba. Injiniya Joseph Bazalgette ne ya gina shi ta hanyar cike bakin kogi, aka buɗe shi a 1870, da babban magudanar ƙazanta da jirgin ƙarƙashin ƙasa a cikinsa. Saboda haka ya fi yawancin titunan tsohon birni faɗi da miƙewa. Daɗin daɗawa, ta gefen ruwa babu lunguna masu shigowa, sai gadoji jefi-jefi. Masu tsari suka haɗa masu tafiya da masu komowa a hanya guda ta wannan gefe, don haka mahayi zai yi tafiya mai nisa mota ba ta gitta gabansa ba, a bakin gadoji kuwa aka ba keke fitilar hannu tasa dabam. Wannan gefen ne kuma jiragen titi masu aiki da lantarki suka bi daga 1906 har 1952, watau wurin da masu mota su ke gani nasu ne tun fil'azal, bai fi shekara sittin da 'yan kai a hannunsu su kaɗai ba. Akwai dalili na mulki kuma. TfL tana riƙe da kamar kashi biyar cikin ɗari ne kawai na titunan Landan, sauran suna hannun ƙananan hukumomi 32 da hukumar tsohon birni, wannan titi kuwa yana cikin nata.

A kaka ta 2014 aka baje zanen a gaban jama'a, tare da na wata hanyar mai ratsa gadar Blackfriars daga kudu zuwa arewa. Fiye da mutum dubu ashirin suka ba da amsa, mafi yawansu sun yarda. Amma lissafin TfL kansa ya nuna cewa mai mota da ya taso daga gabas zuwa kusurwar Hyde Park da safe zai iya ƙara minti 16 a hanya, kuma wannan adadi ya zama makamin masu ƙi, musamman direbobin tasi da kamfanin da ke riƙe da unguwar bankuna ta Canary Wharf. Irin wannan lissafi yana da rauni guda, yana ɗauka cewa duk wanda ya shiga mota jiya zai shiga gobe, ba ya ƙidaya wanda zai sauka ya hau keke. Duk da haka aka sassauta. Aka bar wa motoci masu nufar yamma sahu biyu, aka tsuke hanyar keke a waɗansu wurare, jinkirin ya komo minti 6 a takarda. Hukumar ta amince a Fabrairu 2015, aka fara aiki. Lord Lawson, tsohon Ministan Kuɗi, ya gaya wa Majalisar Sarakuna cewa tun ruwan bama-baman Jamus kusan ba abin da ya ɓata Landan kamar aikin nan. Ƙungiyar direbobin tasi ta kai ƙara Babbar Kotu cewa ba a nemi izinin gini ba, aka kori ƙarar a Fabrairu 2016.

Bayan buɗewa da 'yan watanni TfL ta ba da labari cewa a lokacin cunkoso kekuna sun wuce rabin abubuwan hawa a titin gaɓar, a gadar Blackfriars sun kai kashi 70 cikin ɗari, kuma yawan mutanen da titunan ke ɗauka cikin sa'a ya ƙaru da kashi biyar cikin ɗari ko da ya ke an rage sahun mota. A lura dai hukumar da ta yi aikin ce ta yi ƙidayar, kuma masu tasi da masu kai kaya ba su daina kukan jinkiri ba. A Yuli 2020 Ma'aikatar Sufuri ta fitar da ƙa'ida ga Ingila duka cewa fenti kaɗai bai isa ba a titi mai yawan motoci.

Hanyar ta kai Lancaster Gate a arewacin Hyde Park, shirin miƙa ta yamma bisa gadar Westway kuwa aka jingine shi. Yamma da wurin shaƙatawar akwai Kensington High Street, wanda ke hannun ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea. A Oktoba 2020, lokacin annoba, hukumar ta kakkafa sanduna ta keɓe wa keke wuri a titin. Waɗansu mazauna da 'yan kasuwa suka yi kuka, bayan mako bakwai ta tumɓuke su.