Katako, soso da roba: yadda raket ya sauya tarihin ƙwallon tebur

Duk wanda ya tsaya kallon samari suna ƙwallon tebur da la'asar a unguwar Zariya ta Maradi, ko a Tibiri da Jiratawa, zai ga raket ɗin da ke hannunsu fuska biyu gare shi, ɗaya ja, ɗaya baƙa. Doka ce ta kawo launukan nan, kuma rigima ce ta haifi dokar. Haka tarihin wasan yake tun farkonsa: wani ya manna sabon abu a kan katako, ya kayar da gwanaye, sai hukuma ta biyo baya da ma'auni.

A Ingila aka fara wasan wajen shekarun 1880, a gidajen masu hali, bayan cin abincin dare. Littattafai ake jerawa a tsakiyar tebur a madadin raga, a riƙa bugun toshiyar kwalba da murfin akwatin sigari. Da ƴan kasuwa suka shigo, sai suka ƙera raket mai dogon hannu da aka ɗaure wa fata gaba da baya kamar ganga. A 1901 kamfanin Jaques na Landan ya yi rajistar sunan Ping-Pong, a daidai lokacin da James Gibb ya kawo ƙwallo mara nauyi daga Amurka. A wannan tsakanin ne kuma E. C. Goode ya manna roba mai ƙuraje a kan katako. Ana ba da labarin cewa daga ƴar shimfiɗar robar da ake ajiye canji a kanta a kantin magani ya samo dabarar. Daga nan ne ɗan wasa ya fara iya murɗa ƙwallo, ba tura shi kawai ba.

Zamanin roba mai ƙuraje

An kafa hukumar wasan ta duniya, ITTF, a 1926, Ivor Montagu ne shugabanta na farko, kuma a watan Disamba na shekarar aka yi gasar duniya ta farko a Landan. Shekara ashirin da biyar da suka biyo baya, raket iri ɗaya ne a hannun kusan kowa: katako da siririyar roba mai ƙuraje. Da shi Viktor Barna na Hangari ya ci kambun duniya 22, biyar daga ciki na ɗaiɗaiku.

Matsalar wannan raket ita ce ya fi taimakon mai tsaro a kan mai kai hari. A gasar birnin Prague ta 1936, Alojzy Ehrlich na Poland da Farkas Paneth na Romaniya sun shafe sama da awa biyu suna tura wa juna ƙwallo kafin a ci maki ɗaya. Shekara ta zagayo aka rage tsayin raga zuwa santimita 15.25, inda take har gobe, domin mai hari ya samu hanya.

Soson Satoh

A 1952 aka kai gasar duniya Bombay ta Indiya. Wani ɗan Japan mai tabarau, Hiroji Satoh, wanda ko a tawagarsu ba shi ake sa wa ido ba, ya zo da raket mai soso mai kauri. Soson yana haɗiye ƙwallo ya tofo shi da sauri, kuma ba ya ƙara. Gwanayen Turai sun saba da sauraren bugu su gane ƙarfinsa, sai ga shi babu abin da kunne zai kama. Satoh ya doke József Kóczián na Hangari a wasan ƙarshe, ya zama ɗan Asiya na farko da ya ci kambun maza.

Shekara bakwai aka yi ana cacar baki, wasu ƙasashen Turai har suka haramta soso a gida. A 1959 aka yi sulhu: an hana soso tsirara, an yarda da siririn soso a ƙarƙashin roba, kaurinsu duka da gam kada ya wuce milimita 4. Robar da ba ta da soso kuwa, milimita 2. Kusan wannan ma'aunin ne ake bi har yau. A shekarar ce kuma Rong Guotuan ya ci wa Sin kambunta na farko a Dortmund, aka kuma kafa kamfanin kayan wasa na Double Happiness a Shanghai.

Masu ƙira sun kifa robar, ƙurajen suka koma ciki, santsin ya fito waje. Fuskar nan mai santsi tana cafke ƙwallo, ita ta ba da damar goga shi daga ƙasa zuwa sama ya tafi yana wulwulawa, ya faɗo kan tebur ya zabura. Robar Sriver ta kamfanin Butterfly, ta 1967, da Mark V ta kamfanin Yasaka, ta 1969, su suka riƙe wannan zamani shekaru da dama.

Sholisho da launi biyu

Dabara ta gaba daga wurin masu faci ta fito. A shekarun 1970 Tibor Klampár na Hangari ya manna robarsa da sholishon facin tayar keke, sai ya ji bugunsa ya ƙara ƙarfi da ƙara. Tururin sholishon ne ke kumbura soson, ya miƙar da robar ta yi tsam. Hangari ta ƙwace kofin ƙungiyoyi daga hannun Sin a Pyongyang a 1979, kuma ba a daɗe ba kowane gwani ya koma ɓare roba yana shafa gam kafin kowane wasa. Da yake tururin yana cutar da huhu, an haramta irin wannan gam daga watan Satumba na 2008. Gam mai ruwa ake amfani da shi yanzu, kamfanoni kuma suka koma saka tsamin a cikin robar tun daga masana'anta, kamar Tenergy da Butterfly ya fitar a shekarar.

Rigimar launi daban take. Wasu ƴan wasa sun riƙa manna roba mai murɗa ƙwallo a fuska ɗaya, da mai kashe murɗi a ɗayar, duka launi guda, suna juya raket a hannu. Abokin karawa ba ya sanin wace fuska ta buga. Da wannan salo John Hilton na Ingila, wanda ba a lissafa shi cikin manya ba, ya ci kambun Turai a 1980. A 1983 hukuma ta yanke cewa dole fuskokin su bambanta, daga 1986 kuma aka tsayar da ja da baƙi. Tun watan Oktoba na 2021 an yarda da shuɗi, kore da wasu launuka masu haske, amma fuska ɗaya dole ta zauna baƙa.

Itacen da ke ciki

Doka ba ta ƙayyade girman raket ba, ko siffarsa, ko nauyinsa. Abin da ta ce shi ne katakon ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, kuma aƙalla kashi 85 cikin 100 na kaurinsa itace ne na gaske. Falle-falle ake haɗa shi, yawanci biyar ko bakwai, wani lokaci a saka siririn zaren kabon a tsakani.

A nan Afirka ta Yamma ta shigo tarihin. Itacen da aka fi sakawa a tsakiya shi ne ayous, wanda ƴan katako a Najeriya ke kira obeche: fari ne, mara nauyi, yana fitowa a dazuzzukan kudancin Najeriya, Gana, Kwaddibuwa da Kamaru. Fallen waje kuma sau da yawa limba ne, wato afara, ko koto, su ma ƴan wannan yanki. Katakon Clipper na kamfanin Stiga na Suwidin limba ne a waje, ayous a ciki. Viscaria na Butterfly, wanda Zhang Jike na Sin ya yi suna da shi har ya ci zinare a Landan a 2012, koto ne a fuskarsa. Limba yana da taushi, yana riƙe ƙwallo ɗan lokaci; koto ya fi tauri, yana sallamar shi da wuri.

Gwani ba ya sayen raket haɗaɗɗe. Katako daban yake saya, roba biyu daban. Ya shafa gam siriri a kan katako da kan soso, ya jira ya sha iska, ya ɗora robar daga wajen hannu zuwa sama, ya bi ta da kwalba don kada iska ta maƙale, sannan ya yanke gefe da almakashi. Tambarin robar a wajen hannu yake zama, domin alƙali ya gani. Mai koyo ya fi dacewa da falle biyar na itace zalla da soso mai matsakaicin kauri. Katakon kabon yana da sauri fiye da hannun da bai nuna ba. A ƙasa irin tamu kuma, rana da ƙurar hunturu sun fi bugu cinye roba. A goge ta da ɗan ruwa bayan wasa, a rufe ta, kada a bar ta a ƙarƙashin sirdin babur.

Nahiyar Afirka ba itace kaɗai ta bayar ba. Alƙahira ta karɓi gasar duniya a 1939, Durban a 2023, kuma ƙwallon tebur yana cikin wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci da aka yi a Yamai a Disamba 2005. Segun Toriola na Najeriya ya je gasar Olamfik sau bakwai, daga 1992 zuwa 2016. A Rio a 2016 Quadri Aruna ya fitar da Timo Boll na Jamus, ya zama ɗan Afirka na farko da ya kai zagayen ƴan takwas.

Sai dai har yau gungumen yana fita ta jirgin ruwa a kan araha, ya dawo da tambarin Japan ko Suwidin da tsada. Roba kam sai wadda hukuma ta amince da ita ake shiga gasa da ita, kuma haɗa ta aikin babbar masana'anta ne. Katako kuwa ba ya buƙatar hatimin kowa. Kafintan Maradi da ya samu fallen obeche da afara, ya iya gicciya su, ya matse su da kyau, zai iya fitar da katakon da alƙalin gasar duniya ba shi da hujjar hanawa.