Aikin cire sankarar fata a Mafaza ta Sudan: me ke ƙayyade kuɗinsa?

Mafaza gari ne a bakin kogin Rahad, cikin jihar Gadarif da ke gabashin Sudan. Akwai Hausawa da yawa a yankin, jikokin mahajjatan da suka yada zango a hanyar Makka da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Galibinsu manoman dawa da riɗi ne da masunta. A irin wannan gari, kuɗin cire sankarar fata ya rataya a kan abubuwa biyu: girman da ciwon ya kai kafin a ga likita, da nisan asibitin da zai iya yin aikin.

Yadda cutar ke bayyana

A jikin baƙar fata, sankara ta fi fitowa a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara bai warke ba, musamman a ƙafa. Likitoci na kiran wannan gyambon Marjolin, da sunan likitan Faransa da ya yi bayaninsa a 1828. Akwai kuma melanoma, wadda kan fara kamar baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce, kuma ta fi saurin bazuwa. Zabiyoyi su ne suka fi kowa shiga haɗari, domin zafin rana na haifar musu da sankara a fuska, kunne da wuya tun da ƙuruciya.

Alamomin da ake lura da su sun haɗa da miki mai zubar da jini da ya ƙi warkewa bayan makonni, gefensa ya yi tauri ya ɗago, ko tabo da ke sauya launi da girma.

Gwajin tsoka

Ba kowane kumburi ba ne sankara. A tsakiyar Sudan akwai cutar maisitoma, wadda ke kumbura ƙafar manoma bayan ƙaya ta soke su. Gadarif kuma sananniya ce da cutar kala-azar, wadda kan bar ƙuraje a fata bayan an warke. Maganin kowace daban yake. Shi ya sa ake yanko ɗan tsoka a kai ɗakin gwaji a duba. Wannan shi ne kuɗin da iyalai suka fi son kaucewa, alhali shi ke nuna ko an kwashe ciwon duka. Idan aka bar saura, ciwon kan dawo, a sake biyan kuɗin aiki.

Matakan aiki da nauyin kowane

Idan ciwon ƙarami ne, ana yin allurar kashe wurin, a yanke shi tare da lafiyayyar fata ta milimita 4 zuwa 6 a kewayensa, a ɗinke. Aikin ba ya cika wuce awa ɗaya, majinyaci ya koma gida a ranar. Abin biya shi ne ganin likita, kayan aiki, gwaji da wankin ciwo. A melanoma ana faɗaɗa yankan zuwa santimita 1 ko 2, gwargwadon zurfinta.

Idan ciwon ya yi faɗi, ɗinki ba ya rufe wurin. Sai an yi allurar barci, a ɗebo fata daga cinya a dasa. Nan kuɗin gado, gwajin jini, ƙarin jini idan ya kama, da abincin mai jinya na kwanaki ke shigowa.

Idan cutar ta kai ga kaluluwar matsematsi ko hammata, ko ta ci ƙashi, ana iya cire kaluluwar ko a yanke ƙafa, sannan a bi da gashi da na'ura ko ƙarin ruwan maganin daji. A wannan mataki jinya kan ɗauki watanni, kuma manomin da ya rasa ƙafa ya rasa hanyar cin abincinsa.

Hanya da masauki

Babban asibitin jihar yana birnin Gadarif. Manyan cibiyoyin daji da suka daɗe suna gashi da na'ura kuwa suna nesa: ta Khartum, wadda ta fara aiki a 1967, da ta Jami'ar Jazira a Wad Madani. Daga Gadarif zuwa Wad Madani ya haura kilomita 200, zuwa Khartum kuma kimanin 400. Ƙasar yankin baƙar laka ce, da damina ta sauka hanyoyin ƙauyuka kan yanke. Lokacin ne kuma manomi ba ya iya barin gona. Majinyaci ba ya tafiya shi kaɗai, don haka kuɗin mota, masauki da abinci na mutum biyu ne, kuma zuwa ɗaya ba ya isa: ranar ganin likita daban, ranar aiki daban, ranar karɓar sakamako daban.

Abin da yaƙi ya sauya

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya tsayar da aikin cibiyar Khartum. Majinyata suka kwarara Wad Madani, har RSF ta kama birnin a Disamba 2023. Sojoji sun karɓe shi a Janairu 2025. A tsakanin nan masu buƙatar gashi da yawa sai da suka nufi Marawi, can arewacin ƙasar, ko Masar. Gadarif kuma ta cika da ƴan gudun hijira, asibitocinta suka yi cunkoso.

Darajar kuɗi ma ta faɗi. Kafin yaƙin ana canza dala ɗaya a kan fam 600 ko kusa da haka. A 2024 ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Zaren ɗinki, maganin barci da sinadaran gwaji galibi daga waje ake shigo da su, don haka farashin da aka faɗa wa wani bara ba shi ne na bana ba.

Wa ke biya?

Sudan na da asusun inshorar lafiya na ƙasa tun tsakiyar shekarun 1990, kuma hukumar Zakka kan taimaka wa marasa ƙarfi da kuɗin magani. Duk da haka, tun kafin yaƙi mafi yawan kuɗin jinya a ƙasar daga aljihun iyalai yake fitowa. A karkara wannan na nufin sayar da riɗi, dabba ko neman gudummawar dangi.

Kafin a amince da farashi, yana da kyau iyali su tambayi likita ko kuɗin ya haɗa da gwajin tsoka, ko za a yi dashen fata, kwana nawa za a yi a gado, da inda za a tura su idan ana buƙatar gashi.

Abin da ke rage kuɗin

Sakiya, ƙona miki ko ɗaura masa garin magani ba sa kashe sankara, sai dai su ja lokaci. Ga zabiya, malafa, riga mai dogon hannu da kauce wa ranar tsaka kariya ce mai araha, tare da kai fata a duba a kai a kai. Gyambon da ya wuce wata guda bai nuna alamar warkewa ba, a kai shi asibiti kafin ruwan sama ya rufe hanya. Sankarar fata da aka cire tana ƙarama, mafi yawanci ana warkewa daga ita da aiki ɗaya.