Daga Maƙera Zuwa Garanda: Tafiyar Cizal a Dutsin-Ma

Garin da dutse ya ba shi suna ba ya rasa masu fasa dutse. Na buɗi ido na tarar da mahaifina a wannan sana'a, kayan aikinsa guduma ɗaya da cizal uku. A bakin maƙera kurfi ake ce wa cizal, sunan ya zo ɗaya da na garin maƙwabtanmu. Da sifirin ɗin mota ko tsohon shaf ake ƙera shi. Idan dutse ya yi taurin kai, a hura masa wuta da dare, da itace, daga baya da tsofaffin tayoyi. Da safe a bi tsagar da cizal.

Amma sirrin aikin ba a kan dutse yake ba, yana maƙera. Ni ake aika wa da cizalolin da suka dakushe, na kuwa sha kallo. Maƙeri zai zuga wuta har ƙarfen ya yi jawur, ya dake bakin, ya tsoma kamar faɗin yatsa biyu a ruwa, ya ciro, ya goge da dutse. Daga nan ba ya magana da kowa. Zafin da ya rage a jikin ƙarfen yana gangarowa baki, launi na sauyawa: ruwan karan dawa, ya yi duhu, ya nufi shuɗi. A tsakanin nan yake sake tsomawa. In ya yi gaggawa, bakin ya tsage a bugun farko. In ya makara, ya lanƙwashe kamar gwangwani.

Ƙarar kwamfaresar fasa dutse na fara ji lokacin aikin madatsar Zobe, wadda aka kammala a 1983. Mun tsaya daga nesa muna kallon mutum ɗaya yana yin aikin goma. Bayan kafa Jihar Katsina a 1987 gine-gine suka ƙaru, amma babban sauyin ya zo da Jami'ar Tarayya a 2011: gidajen hayar ɗalibai, ramin sokawe cikin dutse, rushe tsohon kankare. Injin fasa dutse na lantarki da janareta suka shigo hannun kowa, har Kurfi muna zuwa aiki. Gindin bakin inji irin SDS da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1975 ya sa canza baki ya zama aikin daƙiƙa kaɗan: mai tsini don huda, mai faɗi don yanka.

Abin da ke ci mini rai shi ne yadda yara ke wasa baki yanzu. Su danna shi a garanda har ya yi shuɗi, su tsoma a bokiti, suna murna ya yi kaifi. Wannan shuɗin shi ne maƙeri ke gudu! Ƙarfen ya riga ya saki. Washi na son hannu mai sauƙi da hutawa, kada ƙarfen ya kai zafin da yatsa ba zai iya taɓawa ba.

Ni ma na biya kuɗin makaranta. Na taɓa cusa sabon baki tsakiyar daɓen kankare, ya maƙale, na banƙare shi kamar ƙarfen ɗaga kaya. Ya karye daga wuya, maigida ya cire kuɗin a ladana. Tun ranar daga gefe nake farawa, kuma wurin da bai tsage ba bayan ɗan bugu, in matsa gaba. Gindin kuwa sai an goge ƙura an shafa giris kafin a sa shi, don ƙura da tsohon giris in suka haɗu, cin bakin injin suke yi.

Ƙurar nan ba ƙarfe kaɗai take ci ba. Na san tsofaffin abokan aiki da tari ya kwantar. Shi ya sa yaron da zai bi ni aiki gobe, takunkumi da jarkar ruwan yayyafi zan fara miƙa masa. Ran kasuwa kuma in kai shi maƙera, ya zauna ya kalli launi.