Miƙa na'ura kai tsaye ga baƙuwar kwamfuta: nazari daga teburin mai gyaran waya a Magarya da Dungas

Yawancin abin da ake rubutawa kan miƙa na'ura kai tsaye ga kwamfutar kwaikwayo, katin hoto yake magana a kai, domin masu wasannin bidiyo na Turai da Amurka ne suka fi ɗaukar zancen da zafi. A kudancin Damagaram, a Jamhuriyar Nijar, buƙatar daban take. A Magarya, da Dungas da aka ɓalle daga jikinta ta zama gunduma a 2011, wanda batun ya fi shafa shi ne mai gyaran waya a bakin kasuwa. Jarinsa kwamfutar hannu ce guda ɗaya, ta hannu biyu, da manhajojin filashi, wato na sake rubuta wa waya manhajarta, waɗanda galibinsu Windows kawai suka sani. Wasu ma ba sa tafiya daidai sai a kan Windows 7, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, sannan Windows 10 ta bi sahu a ranar 14 ga Oktoban 2025. Ga kuma manhajojin da ake kwafa hannu zuwa hannu, waɗanda sukan zo da ƙwayoyin cuta. Killace irin wannan Windows a cikin kwamfutar kwaikwayo, bisa Linux mai tsabta, dabara ce mai ma'ana. Matsalar tana farawa ne a lokacin da aka soka wayar da za a gyara a ramin USB.

Kwamfutar kwaikwayo, wadda za mu kira baƙuwa, ba ta ganin kayan ƙarfe na gaskiya. KVM, da ya shiga kanel ɗin Linux a 2007, tare da QEMU na Fabrice Bellard, suna ƙirƙira mata faifai da katin sadarwa na jabu, mai masauki kuma, wato Linux ɗin da ke ɗauke da ita, yana fassara tsakani. Wannan ya wadatar ga buga takarda. Filashin waya kuwa yana son manhaja ta yi magana da guntun wayar baki da baki, cikin daƙiƙu ƙalilan.

Mataki na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne a miƙa na'urar USB da lambar shaidarta, wato lambar kamfani da ta samfur, waɗanda umarnin lsusb ke nunawa. Ga dongul ɗin lasisi ko firinta wannan ya isa, tunda lambarsu ba ta sauyawa. Waya ba haka take ba. Tecno da Itel da Infinix, da suka cika aljihunan mutane daga Wacha zuwa Dogo-Dogo, mafi yawansu guntun MediaTek ko na Unisoc ke cikinsu. Wayar MediaTek da aka kashe, idan an soka ta, takan bayyana da lamba 0e8d:2000 na ɗan lokaci kaɗan, ko 0e8d:0003 idan ta shiga matakin ceto na can ƙasa, sannan ta ɓace ta dawo da wata lamba. Ta Qualcomm a yanayin gaggawa 05c6:9008 ce. Duk sauyin nan, a idon mai masauki, cire na'ura ne da soka wata sabuwa. Kafin ya gane ta, ya sake ta, baƙuwa ta ɗora mata direba, ƙofar ta rufe, manhajar filashi ta SP Flash Tool kuma tana nan tana jiran wayar da ba za ta zo ba. Mai gyara sai ya zargi kebul, ya canza uku, alhali kebul ba shi da laifi. Wani lokaci ma ModemManager na mai masauki ne ke riga kowa cafke wayar, yana zaton modem ce, kuma tsayar da shi kaɗai yakan warware damuwar.

Mataki na biyu, wanda a ganina shi ya fi dacewa da yawancin masu wannan sana'a, shi ne a miƙa ramin da kansa maimakon na'urar. QEMU da Proxmox suna ba da damar a ce duk abin da ya shigo ta rami kaza na baƙuwa ne, ko da wace lamba ya zo. A nan akwai tarko ɗaya: rami guda na USB 3 yakan bayyana a layi ɗaya idan na'urar USB 2 aka soka, a wani layin kuma idan ta USB 3 ce, don haka sai an miƙa adireshin biyu. Mai amfani da VirtualBox yana iya kusantar wannan da matatar da ke ɗauke da lambar kamfani kawai, a bar gurbin samfur fanko.

Sai mataki na uku, miƙa guntun da ke tafiyar da ramukan USB gaba ɗaya ta hanyar PCI. A nan mai masauki ya fita daga tsakani kwata-kwata, jinkirin ma ya tafi. Amma na'urar PCI tana rubutu cikin RAM kai tsaye ba tare da neman izinin firosesa ba, saboda haka dole a sami mai gadin da zai hana ta taɓa abin da ba na baƙuwa ba. Shi ne IOMMU, wanda Intel ke kira VT-d, AMD kuma AMD-Vi. VFIO, tsarin da ke yin wannan miƙawar a Linux, aikin Alex Williamson na Red Hat da ya shiga Linux 3.6 a 2012, a kansa ya dogara. VirtualBox ya cire damar miƙawa ta PCI tun fitowar 6.1 a 2019, don haka zancen na KVM ne.

Kasuwar kwamfutocin hannu biyu tana da tasiri a nan fiye da yadda ake zato. Ba kowace i5 ke da VT-d ba: i5-2520M tana da shi, i5-2410M ba ta da shi, ga shi kuwa tambarin da ke jikin murfinsu iri ɗaya ne. Wanda zai sayo inji a Kano ko Damagaram, cikakkiyar lambar firosesa ya kamata ya duba. Bayan haka a kunna VT-d a BIOS, a ƙara intel_iommu=on a layin GRUB idan kanel ɗin bai kunna shi da kansa ba, a tabbatar da dmesg cewa DMAR ya tashi.

Inda aka fi makalewa shi ne rukunonin IOMMU. Kanel yana tara duk na'urorin da ba zai iya raba zirga-zirgarsu ba cikin rukuni guda, kuma rukunin ake miƙawa dungurungum, kamar ɗakunan da suke da zaure ɗaya: ba ka bai wa ɗan haya makullin zauren ka ce ɗaki ɗaya ka ba shi. Idan a /sys/kernel/iommu_groups aka ga guntun USB yana tare da wata na'urar da mai masauki ba zai rayu ba sai da ita, hanyar ta toshe. Akwai facin ACS da ke tilasta wa kanel ya raba rukunin a takarda, amma ƙarfen bai rabu ba. Mutumin da ya gina baƙuwa domin killace manhaja mai cuta, in ya sa wannan faci, ya buɗe wa cutar hanyar da ya ce zai toshe. Ko rukunin ya fito da tsabta, kwamfutocin hannu da yawa guntun USB ɗaya gare su. In an miƙa shi, linzamin waje da kyamara da Bluetooth duk sun bi baƙuwa.

Akwai kuma farashin da ba a cika faɗa ba. Baƙuwar da aka miƙa wa na'urar PCI tana riƙe dukan RAM ɗin da aka ware mata tun daga tashi, ko tana aiki da shi ko ba ta yi. A injin mai giga 8, ba ta 4 yana nufin 4 ɗin sun tafi. Ba a kuma iya daskarar da ita tana tsakiyar aiki a adana yadda take, abin da ya fi komai amfani a inda wuta ba ta da tabbas. Yankin Maradi da Damagaram ya daɗe yana shan wutar Najeriya ta layin Katsina zuwa Gazawa, kuma kowa ya ga abin da ya biyo baya da aka yanke ta a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024. Batirin kwamfutar hannu mai lafiya ya fi wa mai filashin amfani a kan kowane saiti na kanel, domin wayar da wuta ta yanke mata ana cikin rubuta mata manhaja tana iya ƙin tashi.

Katin hoto ba ya buƙatar dogon bayani a wannan yanki. Kuskuren Code 43 da NVIDIA ta daɗe tana jefa wa baƙi ya kau da direba 465.89 na Maris 2021, wasu katunan AMD na zuriyar Polaris da Vega kuma har yanzu sukan ƙi farfaɗowa bayan an kashe baƙuwa sai an sake tayar da injin duka. Mai haɗa bidiyon biki ne kaɗai zai damu da wannan, shi ma sai ya lissafa abin da katin zai ci a faranti da batirin sola.

Idan abu ya ƙi, bincike daga ƙasa yake farawa. A bar dmesg a buɗe a gefen mai masauki, a soka wayar, a ga ko ta bayyana da wace lamba. In ba ta bayyana ba, alhali ba a miƙa guntun USB gaba ɗaya ba, kebul ne ko ramin cajin wayar. In ta bayyana amma baƙuwa ba ta gan ta ba, dokar miƙawa ce ko wani direban mai masauki ya riƙe ta, kuma lspci -k zai nuna ko vfio-pci ne ke riƙe da guntun. In baƙuwa ta gan ta da alamar rawaya, direban Windows ne, galibi na VCOM da ba a sa masa hannu ba. Aikin shimfiɗa igiyar fayiba ta Sahara ya haɗa da reshen Damagaram zuwa Magarya har iyakar Najeriya, amma mai shago a Gushi ko Malawa da datar wayarsa yake sauke komai, don haka direbobin virtio na baƙuwa da na MediaTek da kwafin baƙuwa mai tsabta a faifan waje ya kamata su zauna tun kafin ranar buƙata.