Sunayen Tsibiran Bakin Teku: Na Jirgin Ruwa da Na Fatake

Togo ba ta da tsibiri a cikin teku. Gaɓarta da ba ta kai kilomita 60 ba rairayi ne zalla, garin Aného ma kan siririn tudu yake tsakanin tafki da teku. Duk da haka Zangon Lome, wanda gwamnati ta tasa zuwa arewacin birnin a 1977, wuri ne da ya cancanci a bincika batun sunayen tsibirai, domin fataken da suka kafa shi ta tudu suka iso gaɓa, alhali mafi yawan sunayen da ke kan taswira daga jirgin ruwa aka raɗa su. Turawan Holan ne suka sa wa Gore ta Senegal suna, su kuwa Wolof Ber suke kiranta. Tsibiran Los na gaban Konakiri daga bakin 'yan Fotugal suka samo nasu, haka ma Legas. Amma Bahaushe da ya je fataucin goro ya ji masu gari suna cewa Eko, sai ya riƙe Ikko. Ke nan bakin ɗan kasuwa ya adana abin da taswira ta shafe, kuma wannan hujja ce ta tarihi mai nauyi.

Wani zai ce suna laƙabi ne kawai, tunda na'ura na iya nuna mazaunin kowane tsibiri daidai. Na'ura tana faɗin inda wuri yake, ba ta faɗin na wane ne. Da Nijar da Benin suka kai rikicin tsibirin Lete gaban Kotun Duniya, hukuncin 2005 sai da ya bi tsibiran kogin Kwara guda 25 ɗaya bayan ɗaya, ya ba Nijar 16. A 2025 kotun ta bi gadon mallakar Sifaniya a rikicin tsibirin Mbanié tsakanin Gabon da Ikwatoriyal Gini. A duka biyun takardun Turawa aka fi dogara da su.

Wani kuma zai ce gwamnatoci suna gyarawa, ga Gambiya ta mayar da tsibirin James ya koma Kunta Kinteh a 2011. Wannan canji ne daga sama, kuma sunan daga shaharar wani littafi ya zo. Aikin da ya rage na jami'o'in Lome da Kano ne: su zauna da dattawan zango da masunta, su rubuta sunayen da suke amfani da su tun suna raye.